Ana ta cewa a dawo da kayan tarihi, to mu na arewa wa zai je ya karɓo namu?

Tun ranar da shugaban Faransa Makaron ya tsaya gaban ɗalibai a Wagadugu, ƙarshen Nuwamba 2017, ya ce bai kamata kayan tarihin Afirka su dawwama a gidajen tarihin Turai ba, maganar nan ta ƙi mutuwa. Jamhuriyar Benin ta karɓi kaya 26 na fadar Abomey a 2021, Jamus ta fara miƙa wa Najeriya kayan tagulla na masarautar Bini a ƙarshen 2022, nan gida Kamaru kuma mutanen Nso sun tada jijiyar wuya kan mutum-mutumin Ngonnso, uwar da ta kafa masarautarsu, har masu gidajen tarihin Balin suka amince a 2022 cewa za su mayar, mutanen Duwala na neman goshin jirgin ruwan Lock Priso da aka ɗauke tun 1884 yana can Munik, Bamun kuwa kowa ya san zancen karagar Sarki Njoya da ta tafi Balin a 1908. To mu fa na arewa, daga Ngaundare zuwa Kusiri har a haye gada a shiga Njamena? Mu dai 'yan kallo ne, in labarin ya zo a rediyo mu ce "kai, Turawan nan ɓarayi ne" mu ci gaba da shan shayinmu. Ni kuma abin da nake gani shine ba don ba a kwashi namu ba muke shiru, an kwasa har an gaji. Mutanen da suka yi karatun da zai sa su san me aka kwasa, yana ina, wa ya ɗauka, su ne ba mu da su isassu, kuma kaso mai tsoka na laifin namu ne, don mu ne da kanmu muke hana yaranmu wannan karatun.

Ga lissafi don kar a ce surutun majalisa ne. Rahoton da Felwine Sarr na Senegal da Bénédicte Savoy suka miƙa wa gwamnatin Faransa a 2018 ya ce a gidan tarihin Quai Branly na Paris kaɗai akwai kaya wajen 70,000 daga Afirka kudu da Sahara. Wace ƙasa ce ta farko a jerin? Ba Mali ba ce, ba Benin ba ce da ake ta ambata, Cadi ce, da kaya 9,296. Ta biyu Kamaru, 7,838. Sannan a 2023 wani bincike da ita Savoy ɗin ta yi tare da Farfesa Albert Gouaffo na jami'ar Dschang da tawagarsu ya gano kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin gwamnati na Jamus, alhali gidan tarihin ƙasa na Yawunde abin da yake da shi bai wuce wajen 6,000 ba. Gidan tarihi guda a birnin Stuttgart yana riƙe da sama da 8,000, wato gari ɗaya a Jamus ya fi babban birninmu kayanmu.

Yadda suka je can kuwa hanya biyu ce, kuma ta farkon kowa zai gane ta, yaƙi ne. Jamusawa sun fasa Tibati a 1899 suka washe fada, wasu daga kayan suna Bremen har yau. Suka ci Ngaundare da Garwa a 1901, a Janairun 1902 Hans Dominik ya sa bindiga mai ruwan harsashi a kan mahayan Lamido Zubairu da na Lamidon Marwa, mutane ɗaruruwa suka kwanta. Can gefen Cadi kuma a Kusiri aka kashe Rabe ranar 22 ga Afrilu 1900, aka sare kansa aka ɗauki hoto. To in an gama irin wannan, sulke da lifidi da takubba da sirdi da tutoci da layu da littattafan da aka samu a jikin mamata da cikin fadoji ina kuke tsammanin suka tafi? Gidajen tarihin Jamus har littafin umarni suke ba hafsoshi kan abin da za su tattaro da yadda za su rubuta, Felix von Luschan na Balin ya rubuta irinsa, shi kuma Graf von Linden na Stuttgart an san shi da nemo wa hafsa lambar yabo in ya aiko masa da kaya masu yawa.

Amma hanya ta biyun ce ta fi ɗaukar hankalina, don ita ce ba a cika faɗa ba, kuma ita ce ta shafi karatu kai tsaye. Bayan sojoji sai masana suka biyo, 'yan antropoloji, masu nazarin al'adu da zamantakewar mutane. A wancan zamanin in kana so ka zama wani a wannan fannin a Turai, kujerar jami'a da ɗakin ajiyar gidan tarihi kusan abu ɗaya ne, sai ka zo ƙasashenmu ka cika akwatuna ka koma, akwatunan ne za su sa a ɗauke ka malami. Leo Frobenius da ya zaga Najeriya da Adamawa tsakanin 1910 da 1912, kuɗin tafiyarsa ma da sayar wa gidajen tarihin Hambug da Laifzik da Balin kaya yake haɗawa, daga baya ya zama farfesa kuma shugaban gidan tarihi a Frankfurt, har yanzu akwai cibiya da sunansa. Marcel Griaule ya jagoranci tafiyar nan daga Dakar zuwa Jibuti, 1931 zuwa 1933, majalisar Faransa ta yi doka musamman ta ba shi kuɗi, har wasan dambe aka shirya a Paris baƙin ɗan damben nan Al Brown ya yi don a tara musu gudummawa, ku ji fa. A farkon 1932 suka shigo arewacin Kamaru suka zauna nan Garwa, suka koma gida da kaya wajen 3,500, kuma sakataren tafiyar Michel Leiris ya rubuta da hannunsa yadda a ƙasar Mali suka riƙa ɗauke wasu kayan da barazana da sata ƙiri-ƙiri. Griaule dai shi aka ba kujerar farko ta wannan fanni a Sorbonne a farkon shekarun 1940. Almajirinsa Jean-Paul Lebeuf kuma ya biyo shi nan a 1936, ya yi nazarin ƙabilun Fali da Kotoko, shi da matarsa Annie suka yi shekaru suna haƙa tuddan tsohuwar al'ummar Sao a gaɓar Logon da Shari, kuma in kana mamakin yadda Cadi ta zama ta farko a waccan jerin to ka duba wajen nan.

Ba na cewa ba su yi aiki ba, sun yi. Lebeuf yana cikin waɗanda suka sa hannu aka kafa gidan tarihin Cadi a 1962, kuma duk mai son sanin Sao yau dole ya bi ta rubuce-rubucensa ko yana so ko ba ya so. Abin da nake so mu lura da shi shine wa ya nuna musu hanya, wa ya yi musu tafinta, wa ya ce "wancan tudun a haƙa shi", wa ya zauna ya bayyana musu me wannan laya take yi. Mu Hausawa ma a nan muka fi kowa shiga ciki, don mu ne 'yan hanya. Eduard Flegel da ya iso Ngaundare a 1882, madugai biyu ne suka kai shi, Madugu Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari, har ya tafi da su Balin a 1884. Kafin shi Barth, wanda ya je Yola a 1851, ya koma Turai da Dorugu, yaron da daga bakinsa ɗan mishan nan Schön ya rubuta Hausa mai yawa da Turawa suka yi shekaru suna koyo da ita. Kar kuma a ce ai wannan tsohon zance ne, Tumai fa? Ƙoƙon kan nan mai shekara wajen miliyan 7 da Cadi ke alfahari da shi, ranar 19 ga Yuli 2001 wanda ya fara ganinsa a hamadar Jurab ɗan Cadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, amma tambayi mutum goma da suka san labarin, Michel Brunet, Bafaranshen da ya jagoranci binciken, za su ce maka. Haka tsarin yake, wanda ke da digiri da jami'a da mujallar da zai buga shi ne mai suna, wanda ya san daji kuma a gode masa a layi ɗaya a ƙasan shafi in an tuna.

To in haka ne, me ya sa in yaronmu ya ce zai karanta wannan fanni sai a yi masa ca? Akwai wata 'yar maƙwabcinmu a Hausare da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, yarinya mai kai, ta ce ita sosiyoloji da antropoloji take so a Ngaundare, uban ya ce sam, wai karatun gumaka, wai in ba likita ba ko lissafin kuɗi to ta zauna a gida. Na ce masa Alhaji, wa ya gaya maka gumaka ne, ya ce ai yana gani a talabijin, duk gidan tarihin da aka nuna dodanni ne a cikin gilashi. Yarinyar dai tana can tana karanta abin da ba ta so.

Maganar gumakan nan ita ce ta fi yawa a bakin mutanenmu kuma ita ce ta fi rauni. Eh akwai kayan tsafi a ciki, na Sao da na mutanen duwatsu da na kudu, kuma su ma suna da masu su, ba namu ba ne mu ce a ƙone ko a bari. Amma abin da aka kwasa daga fadojin lamibbe da kasuwannin Garwa da Marwa da Ngaundare mene ne? Riguna masu aska, rawuna, takalman dukawa, jakunkunan fata, kayan doki, kakaki da algaita, allo da tawada, takardun malamai da ajami. Aikin hannun kakanninmu masaƙa da marina da majema da maƙera. In yau kana so ka ga irin ɗinkin da maɗinkin Hausa yake yi a Adamawa shekara ɗari da ashirin baya, da wuya ka same shi a adakar wani tsoho a unguwa, gara ta cinye ko an yi kyauta da shi ko an sayar, amma yana can a kwance a wani ɗakin ajiya a Jamus da lamba a jikinsa. Wannan ne gunkin?

Hujja ta biyu ta fi nauyi kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba, wato aiki. Gaskiya ne, hanyar doguwa ce kuma babu kuɗi a cikinta, lisans shekara uku, masta biyu, sannan tez ɗin dokta da kan ci shekaru ba adadi, ga zuwa ƙauyuka da kuɗin aljihunka, ka gama kuma ka zauna jiran gwamnati ta buɗe ɗaukar malaman jami'a, kafin nan kana koyarwa ana biyanka da awa, in an biya. Uban da ya sayar da shanu ya kai ɗa makaranta yana da haƙƙin ya tambayi me za a ci. Ni ban ce kowane gida ya ba da ɗa ba. Amma al'umma mai yawanmu, mai attajiran da ke cika tireloli daga Duwala zuwa Njamena, a ce ba za ta iya ɗaukar nauyin yara biyar ko goma su yi wannan karatun har ƙarshe ba? Jami'o'in ma yanzu a ƙofar gida suke, Ngaundare tun 1993, Marwa 2008, Garwa 2022, ga ta Njamena tun 1971. Kuɗin da ake kashewa a bikin 'ya guda a wasu gidajen zai riƙe ɗalibin dokta har ya gama, kowa ya san ba ƙarya na yi ba.

Kuma ba wai ba mu da abin koyi ba ne. Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934, ya ɗauki rikoda ya bi fadoji ɗaya bayan ɗaya, Garwa, Marwa, Rai Buba, Tibati da sauransu, yana naɗar tarihi daga bakin tsofaffi da Fulatanci yana rubutawa, ya kuma bi takardun Jamusawa, har ya rasu a 2004 yana aiki a jami'ar Maiduguri. Yawancin tsofaffin da ya ji daga bakinsu da bai je ba da sun tafi da abinsu kabari. Abin da zai ba ka haushi shine littattafansa da dama wata cibiya ce a Tokyo ta buga su, Japan fa, kuma ka zaga Garwa yau ka ga gida nawa ne ke da ko guda. A Ngaundare ma an yi shirin haɗin gwiwa da jami'ar Tromso ta Nowe tun farkon shekarun 1990, ya fitar da ɗalibai 'yan arewa, akwai kuma irin su Farfesa Hamadou Adama da ke aiki kan rubuce-rubucen Larabci da ajami. To ana yi, sai dai in ka ƙirga 'ya'yan Hausawa a ciki za ka ji kunya, alhali rabin abin da ke cikin tsofaffin takardun nan na Turawa kan kasuwanci da fatauci a Adamawa zancenmu ne.

Ku duba shi Gouaffo ɗin da na ambata, me ya ba shi damar shiga ɗakunan ajiyar Jamus ya ƙirga? Farfesan Jamusanci ne. Rajistocin nan da wasiƙun hafsoshi da katunan da aka rubuta wa kowane kaya, da Jamusanci suke, da wani tsohon salon rubutun hannu da ko Bajamushen yau sai ya koya kafin ya karanta. A nan ne aka rubuta "an samo a gari kaza, shekara kaza, daga hannun hafsa wane". Wanda ya iya karanta wannan shi ne zai iya haɗa ranar da kaya ya shiga rajista da ranar da aka ƙone garin, ya ce wannan ganima ce ba saye ba. Mu halinmu kamar ɗan kasuwar da uba ya mutu ya bar masa bashi a hannun mutane ne, amma littafin bashin yana wajen waɗanda ake bin, shi kuma ko an miƙo masa bai iya karantawa ba, sai ya tsaya a bakin kasuwa yana ihu wai a biya shi. Ga Jamusanci nan ana koyarwa a lise-lisenmu tun daga aji na katriyem, yara na ɗaukarsa don su ci jarrabawa kawai su manta. Yaron da ya tashi da Hausa da Fulatanci a baki, ya yi allo ya iya ajami da ɗan Larabci, ga Faransanci, in ya ƙara Jamusanci wallahi babu wani Bature mai bincike da zai kama ƙafarsa a wannan fagen, abin da su sai sun yi shekaru suna wahala da tafinta shi da shi aka haife shi.

Akwai masu cewa a bar kayan can ma sun fi tsira, kuma in an faɗi haka sai a tuna maka gidan tarihin Njamena da aka wasashe a Fabrairun 2008 lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari, a tuna maka Boko Haram a yankin Mora da Kolofata tun 2014. Ba ƙarya ba ne. Sai dai su ma can yaƙin duniya na biyu ya ƙone musu kaya ba kaɗan ba, kuma mafi yawan abin da suke riƙe da shi ba ya ma cikin gilashi, yana ƙasa a akwati, ba wanda ya gan shi shekara da shekaru. Sannan tsaron gidan tarihi ai ba daga sama yake faɗowa ba, mutane ne ake koya musu aikin, mun sake dawowa kan karatun ke nan. Kotoko sun yi nasu a Gawi kusa da Njamena da kuma Gulfe, Bamun sun buɗe sabon nasu a Fumban a 2024, duwatsun Diy-Gid-Biy na Mandara sun shiga jerin UNESCO a 2025 bayan masana sun yi shekaru suna aiki a kansu. Ba wanda ya samu nasa da zagin Turawa a Facebook.

Wani abu kuma da ba ma so a taɓo, bayan Turawan mulki sun tafi, wa ya ci gaba da fitar da kayan? A harkar sayar da kayan gargajiya daga Fumban zuwa Duwala zuwa Abijan har Paris da Niyok, 'yan uwanmu Hausawa suna cikin manyan dillalai, har masana sun yi rubutu a kansu. Da yawa sabon sassaƙa suke sayarwa da aka shafa wa ƙasa da hayaƙi ya zama "tsoho", wannan tsakaninsu da mai saye, ni har dariya yake ba ni. Amma akwai na gaske da ake bi ƙauye-ƙauye ana saye a hannun magada da kuɗin goro, akwai tukwane da 'yan mutum-mutumin Sao da ake tonowa da dare. Mutumin da ya san darajar abin nan a kasuwar Turai har ya san wanda zai saya, shi ne kuma zai ce wa ɗansa karatun abin banza ne. Su waɗannan dillalan a wajena su ya fi kamata su fara biyan kuɗin karatun, don ilimin da ke kansu na gane tsoho da sabo da na wace ƙabila ce ba ƙarami ba ne, rubutawa ce kawai ba a yi ba.

Shi ya sa ni in da za a tambaye ni me za mu fara nema, ba zan ce a loda mana akwatuna a jirgi gobe ba. In an sauke su ma Yawunde za su tsaya ko Njamena, gwamnati da gwamnati ke magana, kuma wanda ya kai takarda da hujja shi za a saurara. Mu fara neman rajistar, kowane kaya da aka rubuta Garwa ko Marwa ko Ngaundare ko Dikwa ko Kusiri ko "Haussa" a katinsa, da hotonsa da sunan wanda ya kawo da shekarar, a ba jami'o'inmu kwafi, wasu gidajen tarihin ma sun riga sun zuba wani ɓangare a intanet, Quai Branly na ciki, ba mai dubawa ne daga wajenmu. A buga hotunan a kai fadar Lamido da gidan Sarkin Hausawa da rumfar majema da maɗinka a Marwa, a zaunar da tsofaffi su faɗi sunan kowane abu da wanda ke yin sa da lokacin da ake sa shi, ɗalibi na gefe da rikoda, sunan tsohon kuma ya fito a saman takarda tare da na ɗalibin. Wannan aikin ba ya buƙatar biza, kuɗin mota ne da na bugun hoto da abin da ɗalibin zai ci, kuma ƙungiyar 'yan kasuwa guda ɗaya a babbar kasuwar Garwa za ta iya ɗaukar nauyinsa daga wannan shekarar karatun in ta ga dama.